WA ZAI ƊAUKI HOTON YAURI?

Duk wanda ya halarci biki ko suna ko naɗin sarauta a Yelwa, ko Wara, ko Shanga, a 'yan shekarun nan, ya san akwai waɗansu samari da ba a rasa su a wurin. Ɗaya na saɓe da kamara, ɗaya na riƙe da fitila, na uku kuwa ya ɗaga kai sama yana sarrafa ɗan jirgin nan marar matuƙi da ke shawagi a kan jama'a kamar shirwa. Waɗannan su ne ƙananan kamfanonin ɗaukar bidiyo, waɗanda galibi jarinsu bai wuce shago guda, da kwamfuta, da janareta, da ma'aikata uku ko huɗu ba. Da yawa daga cikinsu abokan karatunmu ne na sakandare, waɗansu ma tare muke da su a nan jami'a, da wannan sana'a suke biyan kuɗin makaranta. A kansu muke so mu yi magana a wannan fitowa, domin a ganinmu akwai wata amana a hannunsu wadda su kansu ba su gama sanin nauyinta ba, mu kuma da muke kallonsu ba mu taɓa tuna musu da ita ba.

Aikin waɗannan kamfanoni iri biyu ne. Akwai aikin kuɗi, wato ɗaukar biki da walima, da tallar shago ko makaranta, da taron siyasa, da bikin buɗe aikin Gwamnati. Akwai kuma fim ɗin tarihi, wanda Bature ke kira dokumentari, wato fim ɗin da ba wasan kwaikwayo ba ne, ana nuna mutane na gaskiya cikin rayuwarsu ta gaskiya, suna faɗin abin da ya same su da bakinsu. Na farko shi ke riƙe da shago, kuma halal ne, ba mu da ja a kansa. Na biyu kuwa kusan babu mai yin sa a ƙasar Yauri, sai fa in wata ƙungiya ta zo daga Abuja ko daga ƙasashen waje da kuɗinta da tambayoyinta. Ra'ayinmu shi ne, duk kamfanin da ke zaune a bakin Tafkin Kainji, ya shekara biyar ko goma yana ɗaukar amare da 'yan takara, bai taɓa kafa kamararsa a gaban dattijo ko da guda daga cikin waɗanda ruwa ya tasa a 1968 ba, to, akwai bashi a wuyansa, kuma lokacin biya yana ƙurewa.

Baƙi sun daɗe suna ba da labarinmu

Ba yau aka fara zuwa Yauri a ɗebi labari a tafi da shi ba. A farkon shekarar 1806 Mungo Park ya biyo Kogin Kwara ya wuce ta Yauri, ya je ya halaka a Busa. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka sauka a birnin, suna cigiyar takardun da Park ya bari. Abin da suka rubuta game da ganuwar gari da kasuwarsa da fadar Sarki shi ne ɗaliban tarihi suke karantawa har gobe. A lura da kyau: takardun ɗan'uwansu suka zo nema, Yaurawa kuwa suka shiga littafin a matsayin mutanen da aka tarar a hanya.

Da zamanin hoto mai motsi ya zo, salon bai sake ba. A 1939 Turawan mulkin mallaka suka kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da suke mulka, a ƙarƙashin William Sellers, wanda dā jami'in kiwon lafiya ne a Ikko. Daga nan aka sami majigi, motar nan da ke bi gari gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan sallar isha'i, mai sharhi yana fassara wa jama'a abin da suke gani. Gwamnatin Jihar Arewa ta gaji wannan tsari ta ci gaba da shi. Kakanninmu sun ga finafinai irin su Baban Larai, wanda ya kwaɗaitar da manoma a kan noman auduga, sun ga na tsabta da na rigakafi da na rangadin manya. Ba ma musun cewa majigi ya yi amfani. Amma maganarsa daga sama take saukowa zuwa ƙasa. Hukuma ce ke magana, talaka na zaune a kan tabarma yana saurare. Ba a taɓa juya kamarar an ce da shi, to, kai fa, me ka gani?

Sai da 'ya'yan ƙasa suka shiga jami'a aka fara gyara wannan a fagen rubutu. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya yi bincikensa na digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello a kan Yauri ta ƙarni na 19, kafin ya fitar da shahararren littafinsa a 1978 a kan tasirin Hausawa cikin tarihin Afirka ta Yamma. Ya nuna cewa ɗan gida yana iya zama gaban dattawan gida ya fito da abin da baƙo ba zai taɓa samu ba. Abin da ya yi da alƙalami, shi muke neman a yi da kamara, domin yawancin mutanen da labarin ya shafa ba za su karanta littafin Turanci ba, amma za su kalli fim a waya.

Abin da ruwa ya ci

Kowane ɗan firamare ya san tarihin madatsar ruwa ta Kainji yadda hukuma take ba da shi. An fara ginin a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da rancen Bankin Duniya da na waɗansu ƙasashe. Kamfanin Impregilo na ƙasar Italiya ya yi aikin, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a watan Fabrairu na 1969. An girka injuna 8 masu ƙarfin megawat 760. Wutar ta haskaka Ikko da Kaduna da Kano, tun shekarun 1970 kuma take bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai. Tafkin da ya taru a bayan madatsar ya kai tsawon kilomita 130 da 'yan kai. Wannan duk gaskiya ne, kuma akwai hotunansa: ga injiniyoyi da hulunan kwano, ga manyan baƙi, ga ruwa yana ambaliya ta ƙofofin dam.

Ɗaya ɓangaren labarin shi ne ba shi da hoto. Fiye da mutum 40,000 aka tasa daga gidajensu. Tsohuwar Busa ta nutse ɗungum, aka gina sabuwa. A ƙasar Yauri, Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Bareshe, su ne mazauna gungunan da ke tsakiyar kogi tun zamanin da ba a iya ƙididdigewa. A kan ƙasar da ambaliya ke shimfiɗa musu kowace shekara suke noman albasar da ta yi suna har kudancin ƙasar nan, ga su kuma gwanayen jirgi da su. Da ruwa ya hau, gungunan suka tafi, da gonakin albasa, da kushewun iyaye, da wuraren da kowane gida ya san tarihinsa a cikinsu. Aka mai da mutanen kogi mutanen tudu, aka sa su cikin gidajen bulo masu rufin asbestos waɗanda wani mai zanen gini Bature ya tsara. Kambari da Lopawa da Shangawa da Sarkawa da Hausawan bakin kogi, kowa ya sami rabonsa na wannan ƙaura.

Akwai tambayoyin da babu wani fayil na ofis da zai amsa su. Yaya aka sanar da mutane cewa garinsu zai nutse, wa ya kawo saƙon, me dattawa suka ce? Me aka ɗauka a jirgi, me aka bari? Daren farko a ƙarƙashin sabon rufi, an yi barci kuwa? Manomin albasa da ya wayi gari a kan jigawa, da me ya ciyar da iyalinsa a shekarar farko? Waɗanne waƙoƙin daka da na tuƙin jirgi ne aka daina yi saboda abin da ake yi musu waƙar ya tafi? Masu amsar waɗannan tambayoyi suna nan da ransu, amma lissafi ba ya ƙarya: wanda yake ɗan shekara 15 a 1968, yau ya haura 70. Wanda yake magidanci a lokacin, in yana raye, sai an ɗaga murya kafin ya ji. Kowace damina muna binne waɗansu daga cikinsu, kowannensu kuma yana tafiya da taswirar wani gari wanda babu shi a kan takarda.

Ba mutanen kaɗai ke tafiya ba, har da harsunansu. Tsureshe, harshen Gungawa, yana ja da baya a gaban Hausa. Harshen Shanga, wanda masana suka ce dangin harsunan Mande ne na can yamma, masu jin sa sosai sun ragu ƙwarai. Mu da muke rubutu da Hausa muna alfahari da yaɗuwarta, amma adalci ne mu yarda cewa inuwar babbar bishiya takan hana ƙananan tsiro girma. Ƙaramin abin da za mu iya yi shi ne mu ɗauki muryar tsohuwa tana ba da tatsuniya da harshen uwarta, a rubuta fassarar Hausa a ƙasan hoton, domin jikanta da bai iya harshen ba ya ji yadda yake a kunne.

Darasi daga Ayoru

Domin kada a ce muna kiran abin da ba a taɓa yi ba, bari mu hau kogin nan namu zuwa arewa, mu wuce Gaya da Yamai, mu tsaya a Ayoru, kusa da iyakar Nijar da Mali. A farkon shekarun 1950 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya ɗauki fim a wannan yanki a kan yadda masuntan Sorko, 'yan'uwan Sarkawanmu, suke farautar dorina. Ya tafi Faransa ya tace fim ɗin, ya sa masa kiɗa mai motsa zuciya a wurin da ake fafatawa da dorinar, kamar yadda aka saba a silima. A 1954 ya komo Ayoru da majigi da janareta, ya kafa farin ƙyalle, ya nuna wa masuntan kansu.

Da suka gane kansu a jikin ƙyallen, sai suka shiga gyara masa aiki. Babban abin da suka ƙi shi ne kiɗan. Suka ce farautar dorina cikin shiru ake yin ta, domin tana da kunne ko tana ƙarƙashin ruwa, kiɗa kuwa ƙarfin zuciya zai ƙara mata. Rouch ya karɓi gyaran ya cire kiɗan, kuma daga ranar ya mai da wannan ɗabi'arsa: duk fim ɗin da ya ɗauka sai ya mayar wa masu shi sun gani sun yi magana. Daga cikin mutanen da suka yi aiki da shi aka sami Oumarou Ganda, ɗan Nijar, wanda ya fito a fim ɗinsa na 1958, daga baya ya riƙe kamara da kansa, har ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1972.

Abin lura a nan shi ne, masuncin da bai taɓa shiga aji ba ya ga kuskuren da gwanin Faransa bai gani ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, idan baƙon da ya zo daga Faransa ya iya ƙasƙantar da kai ya saurari masunta, ina dalilin da zai hana ɗan Yelwa, wanda kakarsa Bagunga ce ko Bakambara, ya yi abin da ya fi haka? Shi ba ya bukatar tafinta. Ya san gidan da ake sallama a tsaya a zaure, ya san tambayar da ba a yi wa suruki a gaban jama'a, ya san lokacin da tsoho ya yi shiru don ya manta da lokacin da ya yi shiru don abin ya yi masa ciwo. Wannan jari ne da ya fi kowace kamara tsada.

Labarin dorina ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Bikin Rigata da ake yi a Yauri, inda ake tseren jirage da nuna gwanintar ruwa, dattawa suna danganta asalinsa da jaruntakar mutanen gungu a kan dorina. Duk shekarar da aka yi shi kamarori sukan cika bakin kogi. Amma me muke gani bayan an watse? Rumfar manyan baƙi, da jawabai, da hoton jirage daga sama, an ɗora musu kiɗan da ba shi da dangantaka da kogi. Wanda ya sassaƙa jirgin ba a tambaye shi da wane itace ya yi ba. Tsohon da ya san kirarin kowane gida na masu ruwa yana tsaye a bayan 'yan sanda. Kuskuren Ayoru ke nan muke maimaitawa, da hannunmu, bayan shekara 70.

Talla daban, roƙo daban

Mun ce aikin kuɗi halal ne, kuma muna nan a kan bakanmu. Mai shagon da ya biya a yi masa tallar shinkafa ko ta makaranta ya san abin da ya saya, mai kallo ma ya san talla yake kallo. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin da ake sa wa talla rigar tarihi. Sau nawa muka ga an fito da fim an kira shi tarihin ci gaban ƙaramar hukuma kaza, alhali kuwa daga farkonsa har ƙarshensa yabon mutum guda ne? A ɗauki famfo ranar da aka buɗe shi, ba a komawa bayan wata shida a ga ko yana kawo ruwa. A tara mata a ba su atamfa iri ɗaya, a ce su yi godiya, a yanke wurin da ɗaya ta fara cewa amma. Maroƙin gargajiya ya fi wannan gaskiya, domin shi da kalangunsa yake tafe, kowa ya san sana'arsa. Mai kamara kuwa yana cin amanar karin maganar nan da ke cewa gani ya kori ji, saboda jama'a sun yarda da abin da idonsu ya gani.

Illar wannan ba ta tsaya ga yau ba. Bayan shekara 50, ɗalibin da zai binciki zamaninmu waɗannan finafinai zai tarar. Zai ga ƙasar Yauri wadda kullum ana yanka kirtani ana tafi, babu mai kuka a cikinta. Ba zai ga cewa shagon da aka tace fim ɗin da janareta yake aiki ba, a gefen tafkin da ke ba wata ƙasa wuta.

A shekarar 2021 duniya ta juyo da kamarorinta gare mu har sau biyu cikin wata guda. Ranar 26 ga Mayu jirgin ruwa ɗauke da fiye da mutum 150 ya kife a kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, waɗanda aka ceto da rai ba su fi kimanin 20 ba. Ranar 17 ga Yuni 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, na ƙarshen 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023. Manyan kafofin labarai sun zo, sun ɗauki hawaye, sun tafi, domin haka aikinsu yake, gobe wani gari ne zai kama wuta. Wanda zai zauna ya bi sawun abin, ya tambayi dalilin da ya sa jirgi ɗaya yake ɗaukar mutane da buhuna da babura fiye da ƙarfinsa, ya nuna kututturan itatuwan da tafki ya rufe tun 1968 waɗanda matuƙa ke kauce wa, ya nuna halin hanyar mota da ke sa mutane zaɓar ruwa, ya koma bayan shekara ya ga ko ana sa rigunan kariya da aka raba, sai wanda gidansa ke nan. Irin wannan fim yana iya tsirar da rai. Game da yaran makaranta kuwa, ɗan gida ne zai san cewa akwai fuskar da ba a nunawa da sunan da ba a faɗa, domin yarinya za ta ci gaba da rayuwa a cikin garin bayan an kashe kamara.

Amsa ga masu cewa ba zai yiwu ba

Mun san abin da abokanmu masu wannan sana'a za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce kamfani ba gidan sadaka ba ne, fetur da kuɗin haya ba sa jiran tarihi. Gaskiya ne. Amma ba mu ce a rufe shago a shiga ƙauye ba. Kamarar da ta yi aiki Juma'a da Asabar da Lahadi a gidajen biki, Talata tana cikin jaka. Ɗaukar hira da dattijo guda ba ya cin fiye da kuɗin mota da goro da yini ɗaya. Kamfanin da ya ware yini biyu a wata, a shekara yana da hira 24. Kamfanoni biyar su yi haka shekara uku, an tara abin da babu wata jami'a a ƙasar nan da take da irinsa a kan Kainji. Da ma sau da yawa bikin ne ke kai su ƙauyen. Abin da ya rage shi ne su kwana ɗaya su nemi tsohon garin.

Za su ce kayan aikinsu ba su kai na baƙi ba. Wannan zance ya tsufa. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, kayan da ta yi aiki da su ba su kai wayar da ke aljihun ɗalibi a yau ba, ga shi kuwa daga wannan ƙaramin mafari aka sami masana'antar da ke ciyar da dubban mutane. Abin da fim ɗin tarihi ya fi bukata shi ne sauti mai kyau, da haƙurin saurare, da tambaya mai ma'ana.

Waɗansu kuma za su ce tonon al'adun dā, musamman na bauta da tsafi, komawa baya ne. Amsarmu ita ce, rubuta abu ba bin sa ba ne. Malamanmu na Sakkwato sun rubuta labarin sarakuna da al'adun da suka tarar, har da waɗanda suka yaƙa, shi ya sa muka san su. Wanda bai san inda aka fito ba, ba zai san girman tafiyar da aka yi ba.

Sai maganar tsaro, wadda ba ma ɗaukar ta da wasa. Akwai wuraren da hankali ba zai bari a shiga da kamara ba a halin da ake ciki, kuma ba mu ce kowa ya sai da ransa ba. Amma dattawa da yawa suna cikin Yelwa da Wara da manyan garuruwa, waɗansu ma rashin tsaron ne ya kawo su, ƙaura ta biyu ke nan a rayuwa ɗaya. A fara da na kusa.

Inda za a ajiye

Ɗauka rabin aiki ne, adanawa shi ne sauran. Kowa ya san al'adar shagunanmu: in rumbun kwamfuta ya cika, sai a goge na bara a zuba na bana. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne, ya tuna da fim ɗin Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Fim ne da Gwamnati ta kashe wa kuɗi, amma ya ɓace shekara da shekaru, sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos, aka kai Jamus aka gyara, aka nuna shi a Balin a 2018. Idan wannan ya sami aikin Gwamnati, ina ga hirar da ke cikin katin ajiya a aljihun wani saurayi? Facebook da YouTube kasuwa ce ta nuna kaya, ba rumbu ba ne. Mai kasuwar yana iya rufe rumfarka ran da ya ga dama.

Shawarwarinmu

Na farko, ga masu kamfanonin: ku haɗa kai ku yi ƙungiya, ku raba garuruwan da aka tasa a tsakaninku, don kada a taru a kan dattijo guda a bar goma. Ku nemi izinin kowane mutum a gaban kamara kafin a fara, ku faɗi sunan gari da ranar ɗauka. In kun gama, ku koma garin ku kafa farin ƙyalle ku nuna musu, ku karɓi gyara, ku bar musu nasu kwafin. Aikin da aka biya ku don yabo kuwa, ku rubuta a farkonsa cewa talla ne, da sunan wanda ya biya.

Na biyu, ga Masarautar Yauri. Mai Martaba Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya hau gadon sarauta a 1999, ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kafin nan, saboda haka ba sai an gaya wa fada darajar ma'ajiyar tarihi ba. Muna roƙo a ware ɗaki guda inda za a riƙa ajiye kwafin kowace hira, a kuma aika da na biyu Gidan Arewa da ke Kaduna ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi. Wasiƙa ɗaya daga fada zuwa ga hakimai da dagatai za ta buɗe ƙofofin da kuɗi ba zai buɗe ba.

Na uku, ga hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa domin raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, da kamfanin Mainstream da ya karɓi gudanar da tashar Kainji a 2013. Raya yanki ya haɗa da rijiya da aji, ya kuma haɗa da tunawa da abin da mutanen yankin suka sadaukar. Kuɗin da zai ɗauki nauyin wannan aiki na shekara guda bai kai na taron bita ɗaya a otal ba. Sharaɗi ɗaya ne: mai ba da kuɗi kada ya riƙe almakashi.

Na huɗu, ga 'yan'uwanmu matasan ma'aikata, musamman na ma'aikatun watsa labarai da al'adu a Birnin Kebbi da sakatariyoyin Yauri da Ngaski da Shanga. Ta teburinku takardun kwangilar ɗaukar fim suke bi. In aiki ya zo, ku tuna da na gida kafin ku kira na Abuja, ku kuma sa a cikin sharuɗɗa cewa a ji muryar mutanen gari, a ajiye ɗanyen abin da aka ɗauka ba wanda aka tace kaɗai ba.

Na biyar, mu ɗalibai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai kamara ya iya haske da sauti, amma ɗalibin tarihi ne zai shirya tambayoyi, na harsuna ya rubuta fassara, na labarin ƙasa ya zauna da tsofaffin matuƙa su sa sunan kowane gungu a taswira. Ƙungiyoyin ɗaliban Yauri da ke manyan makarantu suna kashe kuɗi kowace shekara a kan liyafa da kalanda. A rage kaɗan a sayi makirufo. Dogon hutu mai zuwa kowannenmu zai koma gida, kuma kusan kowane gida a bakin tafki yana da tsoho ko tsohuwa da ta ga ranar da ruwa ya hau. Kafin mu nemi aikin hutu, mu nemi abokinmu mai kamara, mu sayi goro, mu je mu gaishe su, mu zauna. Allah ya ba mu ikon sauke wannan nauyi tun masu labarin suna da rai, amin.